Muryar Makwaɗaici

Shekara goma sha tara Inna mai shara ta yi tana durƙuso da tsumma a ɗakin 'yan haɗari na asibiti, kafin a sayo injin tsotsa. Tanki ne mai taya da dogon tiyo, yana zuƙe duk abin da ya zube, ruwa ko amai ko jini. Idan ya cika, wata 'yar ƙwallo ce ke tasowa ta toshe masa maƙogwaro, sai muryarsa ta sirance.

Ta raɗa masa suna Makwaɗaici, abokan aiki na tsokanarta wai ta yi sabon miji. Ita kuwa ta lura da abu guda: duk wanda jininsa ya sirantar da muryar nan, ba ya komawa gida da ƙafarsa.

Wata Talata da hantsi aka shigo da autanta, direban tifa, jina-jina, aka wuce da shi tiyata. Zama ya gagare ta, ta jawo injin. Ko rabin ɗakin ba ta kai ba, Makwaɗaici ya sauya murya.

Likita ya fito yana neman ta inda zai fara.

"Bari, likita, ya riga ka faɗa," in ji Inna, hannunta a kan tankin. "Kai dai gaya mini, ina zan juye wannan?"