Na Ɗauka Raƙumin Dawa Ma Irin Na Babana Ne

Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai 'ya'ya biyar a nan Daura, sai da na girma na koyi rubutu a ajin yaƙi da jahilci, don haka a yi haƙuri da hannuna. A lokacin da abin nan ya faru ni mace ce marar yawan magana, wadda in ana hira a gidan biki ba a cika tambayar ra'ayinta ba. Abu ɗaya nake taƙama da shi a zuciyata: mahaifina fataucin raƙuma yake a kasuwar Mai'adua, tun ina ƙarama nake riƙe akala, na san yadda ake lallashin taguwa har ta gurfana.

Shekarun baya aka sa bikin 'yar yayar maigidana a Yamai. Muka cika bas, mata zalla sai direba, da kayan gara da buhunan daddawa da kuka da kanwa. Na tafi da autata, tana da shekara shida. Muka fita ta Kwangwalam, muka kwana a hanya, washegari da hantsi mun wuce Doso sai direba ya rage gudu, ya ce mu dubi hannun dama. Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba. Raƙuman dawa ne guda huɗu suna cin ganyen gawo daga sama, jikinsu kamar an yi musu zanen lalle. Mata suka dame shi da roƙo har ya tsaya.

Wani dattijo Bazabarme da ke kula da masu zuwa kallo ya tarbe mu. Da 'yar Hausarsa ya ja layi a ƙasa da sanda, ya ce kada wadda ta tsallake, domin ɗaya tana da jinjiri a kusa. Nan fa facalata ta fara tsokanata, wai ga 'yar masu raƙuma ta zo ga danginta, in je mana in gaishe da kawunnaina. Wata Hajiya ta ƙara da cewa ai ko tunkiya ba ta jin muryata, balle wannan dogon. Aka yi ta dariya. Ni kuma na ji a raina cewa yau dai ga abin da na fi kowa sani. Tunda sunansa raƙumi, ai raƙumi ne. Na koma mota na gutsuro kanwa a murfin kwano, na zaga ta bayan dattijon yana can yana fama da masu ɗaukar hoto, na tsallake layin.

Ban san yarinyata ta biyo ni ba. Ina tafe ina yi wa babbar irin kiran da muke yi wa taguwa, sai na ga yarinya ta wuce ni da gudu, ta nufi wata sabara. Ashe jinjirin ne tsaye a bayanta, shi ta hango. Kafin in buɗe baki ta shiga tsakaninsa da uwarsa. Uwar ta daina ci. Ta juyo, ta yi huci, ta tako har inuwar wuyanta ta rufe yarinyar. Murfin ya suɓuce mini ya gangara gaban uwar, ta ɗaga ƙafar gaba ta sauke a kai sau ɗaya, ya lotse ya shige cikin ƙasa.

Dattijon ne ya zo bayana ba tare da na ji tafiyarsa ba. A hankali ya ce kada in yi ihu, kada in ruga, in tsuguna in kira yarinyar kamar zan ba ta abinci, ta taho da baya da baya. Na tsuguna, na kira ta da sunan da nake kiranta a gida, na ce ta zo in gyara mata ɗankwali, kada ta juya. Ta fara ja da baya tana cewa Umma ki ga ɗan, ya fi Baba tsawo. Taku bakwai ta yi kafin hannuna ya kai gare ta, kowane ɗaya ina jin sa a ƙirjina. Uwar ta bi mu da ido, sannan ta sunkuya ta shinshina ɗanta, suka yi gaba.

Dattijon bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi wannan ba ta taɓa sanin akala ba, kuma abin da na ji game da tawa, shi ta ji game da nata. Har muka shiga Yamai facalata tana rungume da yarinyar tana kuka. Na roƙe su kada su gaya wa maigida, amma da muka dawo na kasa cin abinci kwana biyu, na gaya masa da bakina. Ya ce Allah ya tsare, ya kuma ce in an sake irin wannan tafiya in tafi da sauran yaran su ma su gani.

'Yan uwana mata, ban rubuto don in hana ku fita ba. Ku je ku ga halittar Allah, ku kai 'ya'yanku, akwai abin da ba ya shiga waya. Amma in mutanen wuri suka ce ku tsaya nan, ku tsaya, ko da kuna ganin kun san abin tun a gidan ubanku. Kuma in ana yi miki dariya, ki bari a yi. Kafin ki ɗaga ƙafa don ki kunyata wata, ki waiwaya ki ga wa ke biye da ke.