Sabarar da na so sarewa

Gonarmu tana gefen wani kwari, gabas da Gure. Ina yaro, daga bakinta har iyakar ganinka ciyawa ce, gamba da ƙarangiya. Sannu a hankali sabara ta cinye filin, ta shigo mana gona ba sallama.

Baba bai tsane ta ba. Geron da ke gindinta ya fi kowanne kauri, can yake yankar zangarniyar iri, irin da ya gada wajen kakanmu.

Shekarar da ya rasu aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Iska ba ta ratsa sabarar, raɓa takan wuni a ƙarƙashinta. Wata safiya na taɓa zangarniya, hannuna ya manne da wani abu mai danƙo. Domana! Cutar ta bi gindin sabara ɗaya bayan ɗaya, ta ƙyale geron kan tudu inda rana ke duka. Da ƙyar muka tsira da iri daga can.

Ni kuwa zuciya gare ni, kowa ya sani. Na ɗauki gatari na far wa sabarar, ina sara ina tsine mata. Saura gindi uku ban sare ba, Inna, mahaifiyata, ta iso tana haki, ta riƙe ƙotar.

"Kai, ɗan nan! Don ta ɓata maka sau ɗaya? Ubanka shekara nawa yana ci a gindinta?"

Ta ƙwace gatarin ta tafi da shi ɗakinta.

Da shekara ta zagayo, ruwa ya ɗauke gero yana tsakiyar girma. Gona ta ƙone ƙurmus, iri kuma duk yana ƙasa. Na daina zuwa, don ba na iya kallo. Inna ce ta ja ni.

Ikon Allah! A gindin sabarar nan uku gero ya tsaya kore shar, ya fid da kai, ba ɗigon cuta. Na tona ƙasar da yatsa, na ji sanyi. Inuwar da ta kashe bara, ita ta raya bana. Tsoron Allah ya kama ni.

Ƙwarya ɗaya muka samu. Irin Baba ke nan duk duniya.

Inna ta rufe ƙwaryar da faifai, ta shiga ɗaki, ta fito ta ajiye abu a gabana.

"Ga gatarinka," ta ce.