Farin Yadin da Na Ɓoye a Siton Birmingham

Edita, ina gaishe ka da aiki. Ni dattijo ne mazaunin Moss Side a Manchester, kuma kafin ka fara farautar kuskure a rubutuna bari in sauƙaƙa maka: karatuna aji huɗu ne na firamare a wani ƙauye kudu da Jos, rabin na huɗun ma a gonar hedimasta na yi shi. A lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da barin aikin sharar bas ba, bayan shekaru masu yawa ina kankare cingam a ƙarƙashin kujerun Turawa. Wata biyu na yi zaune a gida, sai uwargida ta ce in ban nemi abin yi ba ɗayanmu zai riga ɗaya zuwa wurin Ubangiji, kuma ba ita ba ce. Ni mutum ne mai karɓar shawara idan an ba shi ita da irin wannan murya.

Maƙwabcina ne ya jawo ni sana'ar, wani Alhaji mutumin Kumasi mai tsohuwar motar ɗaukar kaya. Ni Kirista ne, shi Musulmi, Hausa ce ta haɗa mu, sai gardama a kan wa ya fi iya dafa shinkafa tsakanin ƙasashenmu. A nan akwai kamfanoni masu ba da hayar sito, ƙananan ɗakuna na ƙarfe a jere cikin ƙaton gini, mutum ya zuba kayansa ya sa kwaɗo. In ya daina biya, aka neme shi aka rasa, sai su yanke kwaɗon su yi gwanjon abin da ke ciki. Hoto kawai za ka gani a waya, wanda aka ɗauka daga bakin ƙofa, ka taya, in ka ci a ba ka kwana biyu ka kwashe. Doka ɗaya suke jaddadawa: takardu da hotunan mai kayan a miƙa su ofis. Sauran kayan kuma mu kai car boot, kasuwar da ake baza kaya a bayan mota ran Asabar, mu raba riba biyu. Mun taɓa sayen ɗaki guda cike da takalman ƙafar hagu zalla, har yau ina addu'a ga mai su.

Wata Talata muka ci wani sito a Birmingham. Abin da ya ja mu a hoton shi ne manyan jakunkunan nan masu zanen dara, irin waɗanda mutanenmu kaɗai suka san darajarsu. Da hantsi muka isa. Fitilun ginin irin masu kama kansu ne in sun ji motsi, kana tafiya na gabanka na kamawa na bayanka na mutuwa, ga shiru kamar an kwashe mutanen duniya. Da muka ɗaga ƙofar, abin da na fara gani kujera ce ɗaya ta roba tana fuskantarmu. A gefenta silifas biyu a jere, da buta, da dadduma a naɗe. Wannan ba wurin da aka zuba kaya aka tafi ba ne. Wani yana zuwa ya zauna a ciki. Alhaji ya yi sallama kafin ya shiga, na yi masa dariya na ce ya jira a amsa, amma dariyar tawa ba ta yi nisa ba.

Kowace jaka da rubutu a jikinta, ba suna ba, dangantaka: ta Inna, ta yaya babba, ta yaran ƙanena. A ciki akwai atamfofin da yayinsu ya wuce tun ina da gashi, da rediyo mai kaset a kwalinsa, da keken ɗinki, da takalman yara sababbi fil, waɗanda yaran da aka saya wa yanzu sun isa aurar da nasu. Tsaraba ce ta mai shirin komawa gida. Na gane ta sarai, domin ina da irinta a ƙarƙashin gadona, sai dai a ranar lissafin car boot kawai nake yi.

Alhaji ya sauka ya matso da mota, ya bar ni ni kaɗai. A can ƙurya bayan keken ɗinkin na ga ƙaramin akwatin ƙarfe. Na buɗe. Farin yadi ne a ninke, fari tas, mai laushi, yana ƙamshin kafur da wani turare mai sanyi, a samansa ƙaramar takarda da rubutun ajami. Ina tsugune ban motsa ba, sai fitilar ta mutu. A cikin duhun nan ƙamshin ya ƙaru, kuma na rantse maka na ji kujerar robar nan ta yi 'yar ƙara irin ta lokacin da mutum ya gyara zama. Na ɗaga hannu fitila ta kama. Kujera ba kowa. Mai hankali da nan ya rufe akwatin ya jira abokinsa. Ni kuwa sai na tuna bikin godiya na cocinmu saura mako uku, kuma akwai wani dattijo da ya shekara yana yi mini yanga da farar shadda. Na cusa yadin cikin jakar abincina, takardar kuma na sa a walat, wai ko laya ce ta jawo kasuwa. Dattijon coci ke nan, Edita. Mutum ɗaya da zai gaya mini mene ne wannan yadi yana ƙasa yana faman juya mota, shi na ɓoye wa, don kada a raba biyu.

Na kai wa wata tsohuwar tela 'yar Jamaika a layinmu, wadda ta iya ɗinkin kaftani saboda yawan hulɗa da mutanenmu. Ta ce yadin an riga an yanka shi gida uku, kuma ƙamshinsa na tuna mata akwatin kakarta. Ta auna ni, ta auna yanki ɗaya, ta ce abin mamaki, kamar don ni aka yanka, ɗan rara ne kawai a sama da ƙasa. Na ji daɗin maganar nan ƙwarai. Ta ɗinka riga da yanki ɗaya, wando da rabin na biyu, na ukun na ajiye don gaba.

Ran bikin na shiga coci ina taku ɗai-ɗai. Amma tun daga waƙar farko na ji sanyi yana hawa daga yatsun ƙafata, alhali kowa na fifita da takardar shirin sujada. Matan zumunta na kiɗa a gabana, ni kuwa ina jin su can nesa, kamar ana biki a waje ni ina cikin ɗaki a rufe. An ɗauki hotuna da yawa a ranar, babu ko ɗaya da idona yake buɗe. Da muka koma gida na kishingiɗa da rigar a jikina da rana tsaka. Uwargida ta ce ta shigo ta same ni a miƙe sambal a kan gefen dama, hannuwa a jiki, fuska ga bango, ni da na saba barci kamar an jefo ni daga bene. Sau uku ta kira ni ban amsa ba, sai da ta kawo madubi kusa da hancina. Ta wanke rigar sau biyu, kafur bai fita ba, ya ma kama sauran kayan da ke kabad. Na je wurin GP, likitan unguwarmu, ya auna ni ya ce lafiyata ta fi tasa.

Duk da haka na sake sawa, don kuɗin ɗinki ba a banza na biya ba. Sunan jikar Alhaji ake yi, na hau bas ta Wilmslow Road. Wata tsohuwa mai mayafi, daga ganinta ta mutanen Ghana ce, ta zauna kusa da ni. Ta shaƙi iska, ta juyo ta tambaye ni da Hausa wa ya rasu. Na ce ba kowa, suna ma za ni. Ta dubi rigar, ba ta dubi fuskata ba, ta tashi ta kama ƙarfe a tsaye har Rusholme, ga kujeru birjik.

A gidan sunan Alhaji ya rungume ni, sai na ji ya tsaya cak. Ya murza bakin hannun rigar da yatsa biyu ya tambayi inda na samo. Na ce daga gida aka aiko. Ya ci gaba da raba goro, amma bai sake zama kusa da ni ba. Da jama'a suka ragu na kasa daurewa, na ja shi bayan gida na ba shi takardar. Ya karanta da baki a rufe, sannan ya maimaita da ƙarfi don in ji. Mai ita ya rubuta cewa wannan likkafaninsa ne, ya saye shi a Makka, ya tsoma shi a ruwan Zamzam, ya shanya a rufin masaukinsu. Ya ce in Allah bai nufa ya koma gida ba, ya haƙura, amma don girman Allah duk wanda ya ga akwatin nan ya kawo shi ranar da za a yi masa sutura. Alhaji ya ninke takardar ya ce da ni, a hankali, in cire. A gidan mutane na tuɓe, na koma Moss Side cikin jallabiyar aro mai tsayawa a gwiwa.

Daga nan abu ɗaya ya rage: mu sami mutumin kafin ƙasa ta same shi, in ma ba ta riga ta samu ba. Kamfanin ya ce ba ya ba da sunan kowa. Alhaji ya bi ta masallatan mutanensu na Birmingham, yana tambayar tsoho mai zaman kansa da ya ɓace daga sahu. Kwana goma muna nema, a kwanakin nan ban kwanta a gefen dama ba ko sau ɗaya. Daga ƙarshe wani ladan ya ce ya san shi: ɓarin jikinsa ya shanye, council, wato hukumar gari, ta kai shi gidan kula da tsofaffi, kuma tun da ya fara iya motsa baki ba abin da yake maimaitawa sai akwati, ma'aikatan kuwa ba su san me yake nufi ba.

Muka same shi a kujera kusa da taga, ya rame har agogonsa ya koma gwiwar hannu. Na durƙusa na ce Baba, na yi laifi, na kwashe labarin duka ban rage ba, har da yanga da farar shadda. Na ɗora masa rigar da wandon da ragowar yadin a cinya. Ya daɗe yana shafawa da hannun da ke aiki, ya kai hanci ya shaƙa, ya bi ɗinkin wuyan da yatsa. Bai tambayi keken ɗinki ba, bai tambayi takalman yara ba, waɗanda tuni mun sayar wa mutanen da ba za mu sake gani ba. Ya ɗago ya dube ni daga kai har ƙafa, irin kallon da telar nan ta yi mini, sannan ya yi magana da rabin baki.

"Ta yi maka daidai?"

Na ce ta yi, Baba.

"To," in ji shi, "tsawonmu ɗaya."

Bayan mako guda ya rasu. Malaminsu ya ce ba a rasa komai ba, dama akwai riga a cikin suturar namiji, a dai warware adon a cire aljihu. Uwargida ce ta zauna da reza ta warware zaren ɗaya bayan ɗaya. A cikin yadinsa aka sa shi, sai rabin yankin da ya tafi a wando, shi aka cike da wani farin da ba na Makka ba. Wannan rabin ni na ci masa, ba kuma inda zan biya. Na tsaya daga baya a maƙabarta ina kallon rigar da na yi yanga da ita a coci tana sauka rami.

Har yanzu muna sana'ar, amma yanzu ni ke fara yin sallama a bakin ƙofa, kuma ina ɗan jira. Masu sha'awar gwanjon sito, ku sani kamfani ɗaki ya sayar muku, ba duk abin da ke ciki ne ya zama naku ba. In kun ga abin da ba ku gane ba, ku tambayi wanda ya sani, ko da za a raba biyu. Ku kuma tsofaffin banza irina masu jakunkuna a ƙarƙashin gado, ku aika da tsarabar nan tun ƙafafun yaran na shiga takalman, kuma wanda ya ajiye farin yadinsa ya gaya wa mutum mai rai inda yake. Ni na buɗe nawa jakunkunan, na aika da abin da asu ya rage mini. Abu ɗaya ne na kasa gyarawa. A kabad ɗina akwai gurbin da rigar ta rataya, ba na sa komai a wurin, kuma duk safiyar da na buɗe ƙamshin kafur yana nan. Uwargida ta ce ita ba ta jin komai.