Baba Tanimu, Sarkin Ruwan da Ya Ƙi Buɗe Tafki

Ina kan keken ɗinki a shagonmu da ke kusa da Bab Makka a Jidda, bayan Azahar, ƙanina Bashir ya kira ni. Ko sallama bai yi ba, cewa kawai ya yi, "Yaya, Baba halas." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A kasuwar kifi ya yanke jiki ya faɗi, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Mutanen Jidda sun san mahaifinmu, Alhaji Tanimu, a matsayin tsoho mai gyaran kifi, marar yawan magana. Kaɗan ne suka san cewa a Najeriya shi ne Sarkin Ruwan garinsu. Tafkin garin yana da doka tun kaka da kakanni: idan ruwan damina ya cika, kifi ya shiga ciyayi zai yi ƙwai, ba mai jefa taru sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Da fatake suka fara zuwa da motocin ƙanƙara, suka matsa a buɗe, Baba ya ƙi. Ya kuma ƙone gidajen sauron da wasu suka fara jan kifi da su. Masunta, akasarinsu danginsa, suka kai ƙara, aka tuɓe shi, aka naɗa ƙaninsa, Baffa Sale. Ya zo aikin Hajji bai koma ba. Nan ya auri Umma, aka haife mu a unguwar Karantina.

Bai taɓa zagin kowa a gabanmu ba, amma sunan Baffa bai ƙara fita daga bakinsa ba. Labarin tafki a kayan alhazai yake zuwar mana, don Gwaggo Hansai takan aiko masa da bandar karfasa. Ina yarinya, guda ɗaya takan rufe masa tafin hannu. Shekarar da aka rushe Karantina muka koma Waziriyya, karfasar da aka kawo ba ta fi yatsa ba. Ya ɓare cikin ɗaya ya nuna mini ƙwai.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa na ci, "dubi, ko girma ba ta yi ba ta fara haihuwa. Sun kwashe manya, sun cinye giwan ruwa da ke rage ƙanana. Yanzu sun yi yawa, abinci bai ishe su ba, duk sun tsumbure."

Na ce, "To Baba, ai kifi ya ƙaru ke nan."

Ya ce, "Ƙaya ce ta ƙaru." Ranar bai ci abinci ba.

Yakan ce, "Wanda ya ci kifi da ƙwai, tuwon jikansa ya cinye." Yakan kuma ce ruwa ba ya ƙara kowa gaban alƙali, daina bayarwa kawai yake yi. Bayan rusau, zawarawan tsohuwar unguwarmu sun warwatsu. Duk Juma'a sai ya ƙulla kawunan kifi a leda, ya bi su gida-gida, har waɗanda aka jefa can wajen gari.

Da azumin da ya wuce Baffa Sale ya kira. Baba ya saka wayar a fili muna ji.

"Yaya, ruwa ya mutu. Samari sun watse. Ka dawo, ni ba sa jin maganata."

Baba ya ce, "Ka rufe tafki, ka tattara gidajen sauron nan, kada a ƙara taɓa giwan ruwa."

"Yaya, in na rufe, me za su ci?"

Baba ya ce, "Ina zuwa."

Tafiyar tana nufin ya ajiye iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar nan, ba dawowa. Umma ta yi kuka, ta ce mutanen da suka wulaƙanta shi zai bar mu saboda su? Ya ce ba don su ba ne, don yaran da ba su san abin da aka yi ba. Ya yi ta sintiri wajen kafili, wanda ya tsaya masa a takardar zama, don takardun fita, kullum a ce masa "bukra", wato gobe. Yana cikin wannan jira ajali ya same shi. A ƙasar nan muka rufe shi.

Da Baffa ya kira ta'aziyya, kuka ya ci ƙarfinsa. Ya tambaye ni ko Baba ya bar wani saƙo game da tafki. Na ce babu, sai abin da ya ji da kunnensa. Gwaggo ta shaida mana daminar bana ma ba a rufe ba.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya shayar da shi daga Alkausara. Ya ba Umma haƙuri, Ya rufa mana asiri a ƙasar da ya bar mu. Ya sassauta wa Baffa Sale nauyin da ke wuyansa, Ya ciyar da mutanen bakin tafki. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.