Jirgin Fatake a Ɗakin Baba

Shekarar da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Baba, ni jinyarsa ta faɗa wa, don ni ce a gida a Yalwawa, na gama makaranta aiki bai samu ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a saman buhunan riɗi da dabino, daga kasuwar Shuwarin har inda titi ya ƙare, sai ga duniyarsa ta koma katifa da rufin ɗaki. Bakinsa ya ɗan karkace, amma yana iya magana, ƙi kawai ya yi. Abinci ma kau da kai yake. Likita ya gaya mana ƙiri-ƙiri, in bai ci ba, magani ba zai yi masa komai ba.

Na yi lallashi, na yi kuka, har fushi na gwada. Wata rana da hantsi, ina riƙe da kofin kunun da ya huce, takaici ya sa na ce, "To Baba, tunda ba za ka sha ba, bari in ba ka labarin wasu fatake." Ban shirya komai ba, abin da ya zo bakina nake faɗa. Na ce jirgi ne mai girman unguwa guda, ya tashi daga bayan duwatsun nan namu, an loda masa dabino da riɗi da zoɓo. Ya wuce wata, ya wuce taurari, ya sauka a wata duniya inda ba a taɓa ganin ɗan Adam ba. Mutanen can dogaye ne, ba su da baki, da launin fatarsu suke zance. Na ce suna sauka, madugu ya sa aka kwance kaya aka baza.

"Wawa ne," in ji Baba.

Saura kaɗan kofin ya suɓuce mini.

"Wa yake kwance kaya ranar da ya sauka? Sai ya nemi mai masauki tukuna, ya kai masa tsaraba. Ya kwana, ya ga abin da suke da shi da abin da suka rasa." Ya numfasa, ya harare ni. "Kuma kin ce ba su da baki. To wa zai ci dabinon? A ina wannan madugun naki ya koyi fatauci?"

Na ce in yana son jin yadda madugu ya fita kunya, sai ya sha kunu. Ya sha rabi yana ƙunƙuni.

Daga ranar muka zama abokan tafiya. Ni ke tuƙa jirgi, shi ke ciniki. Shi ya gano zoɓon ne zai karɓu, tunda mutanen can da launi suke magana, in suka jiƙa shi suka shafa, jan zai ƙara musu murya. Ya hana a sayar musu duka, ya ce a bar su da marmari. Ya sa a riƙa yi musu gyara bayan awo, don baƙon da bai yi gyara ba ba a yi masa maraba karo na biyu. Muna musu, cokali yana shiga.

Ana haka Gwaggo, yayar Baba, ta zo daga Kiyawa dubiya. Ta tarar da mu rana tsaka muna gardamar ko a amince da dillalin marasa baki. Ta ajiye jakarta ta riƙe haɓa.

"Tatsuniya da rana, 'yar nan? Ba ki san mai yin ta ɓata yake yi ba? Mutum yana kwance a wannan hali, maimakon ki bar shi da carbinsa, kina cika masa kunne da ƙarya."

Na ce, "Gwaggo, carbinsa ga shi a hannunsa, sallarsa ba ta wuce shi. Da dare kuwa magani ke kayar da shi tun isha'i."

Ta ce muddin tana gidan, kada ta sake ji. Gwaggo ba a yi mata musu, ita ta goya Baba. Na daina labarin, raina kuwa kamar ya fashe. Baba ya juya fuskarsa bango. Kunu ya koma hucewa a kofi, tuwo yana fita yadda ya shiga. Gwaggo ta yi nata lallashin da sunan da take kiransa tun yana yaro, ko motsi bai yi ba.

Da na ga idanunsa sun soma zurmawa, na daina tunanin ladabi, kuma har yau ban yi nadama ba. Bayan azahar na ɗauki kujera 'yar tsuguno da kwanon fate, na wuce Gwaggo a bakin ƙofa, na zauna. Na ɗaga murya yadda har tsakar gida za a ji, na ce, "Madugu ya ɗaure kayansa, jirgi ya kama hanyar wata duniyar da ta fi nisa."

Gwaggo ta miƙe. "Ke, ni kike yi wa haka? In kika ɓata, kada ki ce ban gaya miki ba."

Baba ya juyo a hankali, ya dube ta.

"Yaya, ƙyale ta. In ɓatan ne, ta ɓata da ni. Na gaji da sanin inda nake."

Gwaggo ta tsaya tana kallon ƙaninta, ta kalli rufin ɗakin da yake kallo kullum. Ta ja bakin mayafi ta share ido, ta zauna a gefen katifa, ta karɓi kwanon daga hannuna.

Baba ya buɗe baki ta ba shi. Sai da ya haɗiye sannan ya ce mini, "An dai ƙirga buhunan kafin a tashi ko?"