Layar Kawu a Gezar Goɗiya

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya kawo ni Madina, shi kuma ya sama mini aiki a gonar dabinon da yake kula da dawaki, can a hanyar Khaibar. Ni ina da igama, wato takardar izinin zama, da sunan mai gonar a kanta. Kawu kuwa ko yankin takarda ba shi da shi. Da ƙafa ya zo tun yana saurayi, ta Cadi da Sudan, wai zai yi hajji ya koma, har gemu ya yi fari bai koma ba. Ba ya shiga gari sai ranar Juma'a, ana sallamewa kuma ya kamo hanya. Burinsa ɗaya ne a duniya, ya mutu a Madina a binne shi a Baƙi'a, kuma duk wanda ya sha shayi da shi sai ya ji wannan zance.

A shekarun tamanin ne masu dawaki suka ɗauko wani sabon yayi. Ba tsere ba ne, ba a ma hawa. A ja doki da hannu a shigo da shi fili, a tsayar da shi, a zagaya, sannan a sa shi sassarfa mutum yana gudu a gefensa, alƙali na kallo. Ɗan maigida ne ya gano abin a ƙasar da ya yi karatu, ya dawo ya hana kowa sakat. Da aka sa ranar taro a gonar wani attajiri, ya zaɓi wata goɗiyarmu fara mai ɗigon ja, ya zaɓe ni in ja ta, don kawai ƙafata ta fi ta kowa tsawo.

Dokokinsa sun fi ƙarfina. A wanke ta da sabulu har sai ta yi ƙyalli, a aske gashin bakinta, a shafa mai a gefen ido da hanci, a goge kofato. Geza a taje ta a sake ta, kada a kitsa ko sili ɗaya. Ba sirdi, ba ado, sai wata siririyar ragama da ba ta kai kaurin yatsa ba. Ni kuma aka raba ni da jallabiyata, aka ɗinka mini baƙin wando da farar riga mai gajeren hannu, a cusa ta cikin wandon. Ba hula. Har aljihun wandon sai da ya sa wani tela a unguwar Sih ya ɗinke, wai yana kumbura ya ɓata tsayuwa. Da matata ta gan ni a ciki ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce in kawo mata shayi ɗaki na sama, tunda na zama ma'aikacin otal.

Kawu bai yi dariya ba. Ya dubi goɗiyar ya dube ni, ya ce tsirara za a kai mu gaban idon jama'a, kuma bakin mutane ba ya barin abu mai kyau. Ni ma ina da tawa damuwar. Goɗiyar tana da zafin kai, a makon nan ma ta ja ni a ƙasa har gwiwata ta saluɓe, kuma tun daga ranar hannuna rawa yake in na kama igiyarta.

Sai in faɗi wani abu don a gane tsorona. A gida laya ba komai ba ce, jariri ma da ita yake tashi. A Madina kuwa shirka ake kiranta, in kuma aka ga dama a ce sihiri. Akwai wani tela ɗan wajenmu da aka ga laya a ƙugunsa a wurin alwala. Aka tafi da shi, shagonsa ya daɗe a rufe, daga baya muka ji an yi masa tarhil, wato an ɗora shi a jirgi an mayar da shi gida, iyalinsa suna nan.

Ranar taron, bayan la'asar, aka jera mu a fili. An share yashin tas, an bi shi da manjagara. Manya na zaune a inuwa kan dardumai, a cikinsu da wani malami mai ɗangalalliyar jallabiya, wanda kowa ya san ba ya ɗaga ƙafa. Alƙalin, wani mutumin Sham, ya fara daga ɗaya ƙarshen. Na lura duk dokin da ya zo wa sai ya ɗaga gezar da hannunsa ya dubi wuyan.

Goɗiyata ta fara taka rawa, sai na tura hannu ƙarƙashin gezarta don in lallashe ta. Yatsuna suka taɓa wani abu mai tauri.

Ban duba ba na san ko mene ne. Ƙaramar layar Kawu ce, wadda ke damtsensa tun kafin ya baro gida, girmanta bai wuce dabino ba. Ya kitsa ta da gashin can ciki kusa da kafaɗa. Nan take na tuna da telan da aka yi wa tarhil. Na ga jirgi, na ga matata da tsohon ciki ita kaɗai a ɗakin haya, na ga Kawu da farin gemunsa ana tura shi cikin mota, Baƙi'a ta wuce shi har abada.

Na fara warware kitson da farce. Tsohon nan ya iya ƙulli, Allah ya jiƙansa, ban taɓa jin haushin gwanintarsa ba sai ranar. Dawaki biyu suka rage tsakanina da alƙali. Da na ga ba za ta warwaru ba na fizge ta da gashin duka. Goɗiyar ta zabura ta yi haniniya, duk ido ya dawo kanmu.

To ina zan kai ta? Aljihu a ɗinke. In na yar, baƙin abu a kan sharen yashi ko makaho ya gan shi. Hannu kuma ba a dunƙule shi a gaban alƙali. Na yi kamar zan share gumi, na jefa ta a baki.

Gishirin gumin shekaru, da warin tsohuwar fata, da man da muka shafa wa goɗiya, duk suka cika mini baki. Alƙali ya iso, ya ɗaga gezar, ya shafa daidai inda na tsinke gashin, ya ɗan tsaya. Sai ya juyo ya tambaye ni shekarunta da Larabci. Na ɗaga masa yatsu. Ya sake wata tambayar, na yi masa murmushi da baki a rufe kamar wawa. Wani daga inuwa ya ce a ƙyale shi, Takaruni ne, sunan da suke kiranmu mu 'yan Afirka ta Yamma ke nan, ba ya jin Larabci. Aka yi dariya. Ni da nake cinikin ciyawa da Larabcin da ya fi nasa kaifi, ranar na ji daɗin wannan rainin har cikin raina.

Saura gudun. Na yi shi numfashi ta hanci kawai, layar na zamewa wajen maƙogwaro, na danne ta da turame iya ƙarfina. Ban san yadda goɗiyar ta taka ba. An ce ta yi kyau, ta zo ta biyu.

A barga na tofo ta a tafin hannuna na nufi Kawu. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce ya kusa kashe mu duka saboda dabbar da ba tamu ba.

Ya karɓa, ya goge ta da bakin rigarsa, ya dubi sawun haƙorana a jikin fatar.

"Ba don ita na ɗaura ba, ɗan nan," ya ce. "Hannunka nake gani yana rawa. Na duba jikinka duka, ba su bar mini inda zan sa maka ba."

Ya mayar da ita damtsensa, ban kuma sake tayar da zancen ba.

Shekaru bayan haka ya rasu a ɗakinsa na gona, da hantsi, kansa a cinyata. Maigida ya tsaya masa, aka yarda a kai shi Baƙi'a. Ana jiran motar da za ta kai shi wurin wanka sai na tuna da layar. Na naɗe hannun rigarsa, ga ta nan, har yanzu da sawun haƙorana. Ina tsinke zaren ke nan na ji sallama a bakin ƙofa, maigida ne da mutanensa, ni kuwa rigar barga ce a jikina, marar aljihu.

Suka shigo suna yi mini gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, ina gyaɗa kai, baki a rufe da ɗanɗanon tsohuwar fata, hawaye na zuba. Sun ɗauka kuka ne ya hana ni amsawa.