Matar da Aka Ceta da Takalmi Ɗaya

A tashar motar nan ba wanda ya manta ranar da aka ceci Anti. Tana tsakar shan shayi wasu masu yaƙi da fataucin mutane suka dira, suka cusa ta a mota da takalmi ƙafa ɗaya, tana rantsuwa ba wanda ya sayar da ita. Mai zaman kanta ce, kuma makullin ɗakinta a bakin zaninta yake ɗaure. Washegari ta dawo a fusace, mai shayi ya miƙa mata ɗayan takalmin.

Yau ga ta kan benci, doguwa, da jan baki raɗau da wani tsohon tabo a wuyan hannu wanda ba na jin tukunya ce ta yi shi. Idonta na kan wata yarinya da ke bin wata mata mai gwala-gwalai, ita yarinyar ba waya, ba jaka. Anti ta miƙe ta sha gabansu.

"Ƙanwata, ina za ki?" Matar ta yi caraf za ta amsa, Anti ta tare ta. "A'a, baiwar Allah, ita na tambaya."

Yarinyar ba ta san sunan garin da za a kai ta ba.

"Kina so ki bi ta?"

Ta girgiza kai. Anti ta riƙe hannunta, ta sa wani direba ya kira hukuma.

Daga baya na ce, "Anti, ke ma kin shiga aikin ceton? A dai kula da takalminta."

Ta harare ni. "Malam, ni sai da na tambaye ta. Ni wa ya tambaye ni?"